Swabra da Mai Kekunan Bakin Teku

"Ba zan je ba, Mama. Ki yi mini hukuncin da kika ga dama, amma ba zan je ba."

Mama Shee ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya mahamri, fanken mutanen bakin teku, a cikin mai, kamar ba da ita ake ba. Ƙamshin kwakwa da hayaƙi sun cika ɗan madafin, iskar teku kuwa ta ƙi leƙowa ta taga da safen nan.

"Swabra," ta ce a hankali, "Twahir ya taso tun daga Maskat. Yawon keke kawai ya roƙa, shi da ƙanwarsa, ya ce ki raka su. Mene ne abin tashin hankali?"

"Kin san kekunan wa ya kama."

"Na sani."

"Kin kuma san wanda zai ja mu."

"Na sani. Ni na ba shi lambar wayar."

Swabra ta ja da baya. Ta lalubi bango ta jingina, tana kallon bayan mahaifiyarta.

Babu wanda bai san Kombo ba a unguwarsu ta Kibokoni. Ɗan Likoni ne, can hayin mashigar teku, kullum da sassafe yake tsallakowa a jirgin fito. Tun suna makaranta yake abota da Shee, yayan Swabra. Su biyu suka fara tsintar tsofaffin kekuna suna gyarawa a ƙofar gidan nan, har suka soma zagayawa da baƙi cikin tsohon gari da bakin teku. Shee ne mai baki da labari, Kombo mai hannu da ƙarfi. Duk ranar da sikila ta kayar da Shee, Kombo ne ke goya shi a baya ya ratsa lungunan da mota ba ta shiga, har bakin titi. Shi ne kuma ya riƙe gaban makara ranar da ciwon ya tafi da shi.

A cikin wannan jigila soyayya ta shiga tsakaninsa da Swabra, ba su ma san ranar da ta shiga ba.

Da Kombo ya turo manyansa, Mama Shee ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi dukiya ba. Abu ɗaya ta nema, a je asibiti a gwada jininsu. Suka tafi suna dariya a hanya, suka dawo babu mai iya kallon wani. Dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayar ciwon.

"Don me za ki yi masa haka?" Swabra ta tambaya. "Me ya yi miki? Yau fa bayan la'asar manyan Twahir za su zo neman aurena. Bai isa ba, sai an kai masa ni har gabansa?"

Sai a lokacin Mama Shee ta sauke kaskon. Ta juyo tana goge hannu da gefen zaninta, idanunta sun kaɗa.

"Kombo ɗana ne. A farantin nan ya ci abinci ya girma. Kin ɗauka ba na jin ciwonsa? Har yau in na soya mahamri sai na ware nasa, sai daga baya in tuna ya daina shigowa. Amma yaron nan bai haƙura ba, Swabra. Kullum ina ganinsa yana rage gudu a bakin lungun nan. Gara ya gani da idonsa, da ya ji a bakin matan dakali."

"Mama, likita fa ya ce ba lallai ba ne. Ya ce kowane ciki..."

"Ni ma haka aka ce mini!" Muryarta ta tashi, sannan ta karye. "Ni da babanki ba mu san komai ba, babu wanda ya gwada mu. Na haifi uku, na binne biyu. Nuru ko makaranta ba ta shiga ba. Shee kuwa kina wurin. Ke kika riƙe masa ƙafa yana roƙon a sare ta ya huta. Har yau mutane Mama Shee suke kirana, ina amsawa, alhali babu Shee. Ke da kike sayar da magani kin fi ni sanin komai. Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki je yau. Ki je ki sallami yaron mutane da bakinki."

Swabra ta juya ta bar madafin. Ta shiga ɗaki ta saka wando a ƙarƙashin baƙar abayarta, ta tsaya gaban madubi tana ɗaura mayafi.

* * *

A gindin katangar tsohuwar ganuwa Kombo ke jera kekunansa. Tun daga nesa ta hango shi a tsugune yana duba taya. Ya rame. Koriyar rigar aikin da ke kama shi a da yanzu yawo take yi a jikinsa.

Twahir ne a gaba, dogo mai gilashi, ɗan yayar mahaifiyarta, injiniya mai ƙarancin magana. Ƙanwarsa Lulu kuwa ita ta kwashe duk surutun gidansu.

"Ni fa in na faɗi, wallahi sai an biya ni haƙorina," take cewa tun kafin su ƙarasa. "Bwana mai keke, wanne ne ba ya kayar da mutum?"

Kombo ya miƙe yana murmushin aiki. Ya ba Twahir hannu, ya gaida Lulu. Da idonsa ya sauka kan Swabra sai murmushin ya tsaya a inda yake, bai ƙaru ba, bai kuma san hanyar komawa ba.

"Bi Swabra. Ina kwana."

Bi Swabra. Wai Malama Swabra, daga bakin mutumin da bai taɓa kiranta da komai ba sai Swabu.

"Lafiya lau," ta ce da ƙyar.

Akwai wasu Turawa biyu, tsoho da tsohuwarsa, da suka riga su zuwa, sun shafe fuska da farin mai suna jira. Kombo ya rarraba hular kwano. Ya auna wa Twahir sirdi, ya auna wa Lulu sau biyu tana ƙorafi. Sannan ya jawo wani shuɗin keke daga gefe, ya kwance ɗan maɓallin, ya sauke sirdin daidai wani tsohon zane, ya miƙa wa Swabra ba tare da ya dube ta ba.

"Iko sai Allah," Lulu ta ce. "Ni sai da aka auna ni kamar za a ɗinka mini riga. Matar yaya kuwa ko tambayarta ba a yi ba."

"'Yar unguwa ce," Kombo ya ce. "Mu tafi kafin rana ta yi."

Matar yaya. Swabra ta ga yadda kalmar ta shige shi, ta ga jijiyar wuyansa ta motsa. Ya hau kekensa ya shiga gaba.

Suka fara da kewaya ganuwar. Kombo yana magana da harshen gari, ya juya ya maimaita wa Turawan da nasu.

"Wannan gini da kuke gani, kowa ya zo sai ya ce nasa ne. Mutanen Fotugal suka gina, Larabawa suka ƙwace, aka sake ƙwacewa, Ingilishi suka mayar da shi kurkuku. An zubar da jini ba kaɗan ba. To ku ɗaga kai ku ga wanda ya ci gadon."

Suka ɗaga kai. Hankaki ne jere a kan katangar suna ta ƙara.

Kowa ya yi dariya, har tsohuwar Baturiya tana tafawa. Swabra ce kaɗai ba ta yi ba. Barkwancin Shee ne, kalma da kalma, har da yadda yake ɗaga yatsa. Ta sunkuyar da kai ta danna feda.

Suka kutsa lungunan tsohon gari a jere, ƙafafun kekuna na tsalle a kan duwatsu. Kombo ya nuna musu ƙofofin katako masu sassaƙa, ya tsaya da su a tsohuwar tashar jiragen katako, inda 'yan dako ke sauke buhuna a ka. Hanyar ta bi ta bakin lungunsu. Matan da ke zaune a dakali suna tsince shinkafa suka tsaya cak, suka bi su da ido: tsohon saurayi a gaba, sabon a baya, ita a tsakiya.

"Swabra, a sauka lafiya!" wata ta ɗaga murya. Sauran suka ƙyalƙyale.

Ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Kombo bai waiwaya ba, sai dai ya ƙara gudu.

Da suka fito babban titi mai gangarawa bakin teku, sai ta lura Twahir na fama. Rabonsa da keke tun yana ɗan yaro. Ya ƙanƙame kan keken kamar zai karya shi, gumi na zuba ta ƙarƙashin hular. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma ce a jira shi ba.

Wani mai kurar ruwa ya fito daga kwana da jarkoki cike.

"Birki, Bwana Twahir! Na dama!" Kombo ya yi ihu.

Twahir ya matse na hagu. Keken ya tsaya da kai, ya watso shi gefen kwalta. Gilashinsa ya yi gefe guda, wandonsa ya yage a gwiwa.

Lulu ta ƙwalla ƙara. Mai kura ya tsaya yana masifa, wai manya da gemu suna wasan yara a hanyar masu neman abinci. Kafin Swabra ta sauka, Kombo ya riga ya jefar da kekensa ya iso. Ya ɗaga Twahir, wanda ke tambayar ko keken bai lalace ba, ya zaunar da shi a bakin kwalbati, ya tsinto masa gilashin ya goge da rigarsa, ya buɗe 'yar jakarsa ya fito da auduga da ruwan wanke ciwo.

Swabra na tsaye a kansu, riƙe da kekuna biyu. Tana kallon hannun Kombo a kan gwiwar mutumin da zai aure ta, yana share jinin a hankali, kamar yadda yake yi wa Shee.

"Zai yi zafi kaɗan," Kombo ya ce.

"Na san ko kai waye," Twahir ya ce ƙasa-ƙasa.

Hannun Kombo ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Ni ma na san ko kai waye, Bwana. Miƙe ƙafar."

Ya gama ɗaurewa, ya rufe jakarsa.

* * *

A ƙarƙashin manyan kukokin bakin teku suka yada zango. Ruwan ya cika ya yi shuɗi, wani ƙaton jirgin kaya na shigowa mashigar a hankali kamar unguwa guda ce ke tafiya. Can ƙasa jirgin fito na juye mutanen Likoni, sun fito ɗuu kamar an fasa buhun gero. Turawan suka tafi ɗaukar hoto riƙe da hannun juna.

Twahir ya miƙe yana ɗingishi.

"Lulu, zo ki raka ni mu sayo soyayyen rogo da ɗanyar kwakwa."

"Da wannan ƙafar? Ga mai rogo nan kusa."

"Na can ƙarshe ya fi daɗi. Taso."

"Yaushe ka zo garin har ka san..." Ta dubi fuskarsa, ta dubi Swabra, ta haɗiye sauran. Suka tafi.

Aka bar su su biyu da kekuna. Kombo ya zauna a kan ɗan ginin da ya raba hanya da gangaren teku, ya juya mata baya.

"Yau ne?" ya tambaya.

"Bayan la'asar."

Ya jinjina kai.

"Mama ce ta turo ku. Na gane tun da na ji sunansa a waya. Na so in ce kekunan duk an kama, sai na ce a'a, bari dai in gan ki ko da a bayan wani ne."

"Kombo..."

"Swabu, saurare ni. Sau ɗaya kawai, daga nan ba zan ƙara ba." Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Na je na sake tambaya. Na tambayi likitoci, na tambayi malamai. Ɗaya ne cikin huɗu zai zo da ciwon. Uku fa namu ne! Wa ya taɓa barin gidansa don an ce wataƙila ruwa zai ci shi?"

"Mama ma uku nata ne a lissafi. Je ka tambaye ta nawa suka rage mata."

"To kada mu haihu."

Ta dube shi.

"Da gaske nake. Kada mu haihu. Marayu sun cika gari, mu ɗauki biyu mu riƙa. Ni ke nake so, ba 'ya'ya ba."

Hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle. Ta zauna a ɗaya ƙarshen ginin, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ƙarya kake yi wa kanka. Kai da ba ka iya wuce yaro a hanya ba ka ɗaga shi sama ba? Kai da ka raɗa wa 'ya'yanmu suna tun ba a kai ko'ina ba? Kai kaɗai mahaifiyarka ta haifa, Kombo. Ranar da na je gaishe ta, zannuwan goyo ta fito da su ta nuna mini, ta ce ta gaji da ajiya. In shiga gidanta in ce mata ta mayar da su akwati?"

"Zan yi mata bayani."

"Za ta yi shiru saboda kai. Shekara ta farko za ta yi shiru, ta biyu ma haka. Daga nan fa? Ni kuma fa? Ka tambaye ni ko ni zan iya? Ina son in haihu, Kombo. Ina so, Allah ya sani. Wata rana za mu gaji, mu ce bari mu gwada ɗaya, Allah na nan. Na san mu. Za mu gwada."

"To Allah ba ya nan ne?"

"Yana nan. Yana nan lokacin Shee ma."

Ya runtse ido kamar ta mare shi.

"Kada ki sa Shee a maganar nan. Da yana raye da shi zai fara tsaya mana. Shi ya fara ce mini, Kombo, na ga yadda kake kallon ƙanwata, in ka yi wasa da ita sai na sace maka duk tayoyi."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, ta koma kuka mai tsanani.

"Ka san abin da ya ce mini a asibiti, kwanansa na ƙarshe, da ka fita nemo jini?" ta ce. "Ban taɓa gaya maka ba. Ya ce, Swabu, ina son Mama, ina son Baba, amma da an tambaye ni da ban zo ba. Haka ya ce. Shee mai sa kowa dariya. Ka ce in haifi yaron da zai kalle ni ya faɗi haka, alhali ni na sani tun kafin in ɗauki cikinsa? Mama ba ta sani ba, tana da abin da za ta gaya wa Allah. Ni me zan ce?"

Kombo ya sa fuskarsa cikin tafukansa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Tunda take ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko a ranar jana'iza. Ta miƙa hannu, ta tuna inda suke, ta janye.

Jirgin kayan ya yi wata doguwar ƙara ya shige.

"Kina sonsa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"A'a."

"Za ki so shi?"

"Ban sani ba."

"Yana da kirki," ya ce. "Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Tun safe nake neman abin da zan tsana a jikinsa. Mutum ya faɗi ya fashe gwiwa, abin da ya fara tambayata wai keken bai lalace ba?"

Ya share fuska da rigarsa, ya miƙe tsaye.

"Ban sallame ki ba, Swabu. Ba zan iya faɗa da bakina ba. In kin ce in zo, ko yau ne, zan tsallako da manyana mu tsaya a ƙofar nan tare da nasa. In kin yi shiru, na ji. Amma kada ki ce in yi miki fatan alheri yau. Ki ba ni lokaci."

Kafin ta amsa, muryar Lulu ta iso.

"An yi mana wayo! Rogon can da na nan duk ɗaya ne, barkonon ma ya fi yawa!"

Kombo ya juya, murmushin aiki ya koma fuskarsa kamar an manna. Ya tafa hannu ya kira Turawan.

"Jama'a, a sha kwakwa a huta. Saura hasumiyar fitilar jirage, daga nan sai gida."

* * *

A hanyar komawa Twahir ya ce ƙafarsa ba za ta iya feda ba, zai tura keken. Ya roƙi Swabra ta taka masa. Sauran suka yi gaba, Lulu na ta yi wa tsohon Bature surutun da ba ya ji.

Suka yi tafiya mai ɗan nisa, teku a damansu.

"Inna, mahaifiyarki, ta gaya mini komai tun kafin in taso," Twahir ya ce. "Ban so zuwa yawon nan ba. Ta roƙe ni, na kasa ce mata a'a."

Ya ci gaba da tura keken yana ɗingishi.

"Ni ba na iya magana mai daɗi, kin dai gani. Keke ma ban iya ba. Amma tun muna yara, in mun zo hutu, ke nake fara nema a gidan. Na yi gwajin, jinina lafiya lau. Wannan kaɗai na fi shi da shi, kuma ba ni na ba kaina ba."

Ya tsaya ya gyara gilashinsa.

"Ga abin da nake so ki sani. In ba kya so, kada ki ce komai a gida. Ki gaya mini yanzu, ni zan ce na fasa. Zan ce aiki ya kira ni, ko na ga wata. Dangi su zage ni, ina Maskat ba zan ji ba. Babu wanda zai ɗora miki laifi."

Ta ɗago ta dube shi sosai a karo na farko. Babu wayo a fuskarsa, sai tsoro.

Da ma mugu ne. Da ma ya yi mata gadara, da ta sami abin da za ta yi faɗa da shi. Tun safe take neman wanda zai tilasta mata, don ta sami wanda za ta riƙa jin haushi tsawon rayuwarta. Ga shi kowa ya buɗe mata ƙofa ya koma gefe.

"In na aure ka," ta ce, "zan daɗe ina kuka."

"Na sani."

"Ba na jin za ka iya."

"Ni ma ban sani ba. Zan gwada."

Ba ta ce masa ya fasa ba. Ba ta kuma ce kada ya fasa ba. Suka ƙarasa gindin ganuwa, ta jingina shuɗin keken a bango, ta ajiye hular a kan sirdi. Kombo na can yana sallamar Turawan, bai juyo ba, ita ma ba ta jira ba.

* * *

Ana idar da la'asar gidan ya cika da ƙamshin turaren wuta da gahawa. Swabra na zaune a bakin gado da kayan da ta dawo da su, wayarta a tafin hannu. Ta buɗe sunan Kombo ta rufe, ta buɗe ta rufe. Kalma ɗaya ce, zo. Ta san yana can bakin mashigar bai hau jirgin fito ba, yana jira.

Ta ji sallamar maza a ƙofar gida.

Ami Bwanaheri, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, ya yi gyaran murya a bakin ɗakin ya shigo. Mama Shee na biye da shi, ta tsaya a jikin ƙofa.

"'Yata," ya ce, "manyan Twahir sun iso, suna tsaye a waje. Ban ce su shigo ba tukuna. Ni ba na karɓar gaisuwar kowa sai na ji daga bakinki. Me zan ce musu?"

Swabra ta dubi mahaifiyarta.

"Kada ki kalle ni," Mama Shee ta ce. "Na faɗi nawa da safe. In Kombo kika zaɓa ba zan yi miki baki ba, wallahi ba zan yi ba. Zan yi rawa a bikinku. Abu ɗaya ne ba ni da ƙarfinsa kuma. In yaro ya fara kukan ciwon nan, kada ki kira ni."

Daga waje ana jin mazan na hira ƙasa-ƙasa, wani na tari.

Swabra ta kifa wayar a kan katifa. Ta zare hannunta daga kanta a hankali, kamar mai ajiye jariri ya yi barci.

"Ami, ka ce su shigo."

"Kin tabbata, 'yata?"

"Ka ce su shigo."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya ce Allah ya yi albarka, ya fita.

Matan da ke tsakar gida suna jiran uwar yarinya ta fara guɗa su amsa. Suka jira, ba su ji komai ba. Mama Shee ta sulale a jikin ƙofar ta zauna a ƙasa, ta toshe bakinta da zani, kuka ya ci ƙarfinta.

"Wayyo Kombo," take cewa. "Wayyo ɗana."

Swabra ce ta sauko daga gadon, idonta a bushe, ta rungume ta tana lallashi.